Malafar Kunya ta Arlie Stamper

Arlie Stamper ya rasu a sanyin da ya wuce. Abokina ne tun muna yara muna satar tuffa a gonar fasto, a nan kwarinmu na gabashin Kentucky. Har yau in na ga abin dariya a hanya sai in karkata mota zuwa gidansa, sai na hango rufin kwanon nasa sannan in tuna babu wanda zan ba labari.

Motar 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya. Kusan duk wanda ya girma a kwarin nan ya zauna a bayansa. Bai taɓa dukan ɗan kowa ba, bai taɓa zagi ba, kallo ɗaya ta madubi ya isa motar ta yi tsit. Yakan ce mini, "Doyle, hayaniyar da na sha a motar nan ta ishe ni har kabari." Shi ya sa ranar Asabar ta farkon wata, ranar harbinmu, ba abin da yake so ya ji sai ƙarar bindiga da kukan tsuntsaye.

A kulob ɗin harbi na Rafin Barewa, wannan Asabar ɗin tamu ce, mu masu bindigar toka. Tamu irin ta kakanni ce, ta baki ake ɗura ta. Ka zuba albarushi daga ƙaho cikin ɗan ma'auni, ka juye a bakin bindiga, ka ɗora ƙyalle, ka ɗora dalma a kai, ka tura da sandar ɗuri har ƙasa. Aiki ne mai sauƙi, amma in wani ya ja ka da hira kana cikin yi, sai ka tura dalma ba ka zuba albarushi ba. Ka ɗaga bindiga, ka auna, ka ja kunama, ɗan albarushin da ke kunnenta ya yi fuu, ita kuwa ta yi shiru. Dalma ta maƙale ke nan. Kuma mutum ɗaya ba ya cire ta. Sai an ɗaura ƙusa mai murɗi a kan sanda, a murɗa ta cikin dalmar, wani ya rungume bindiga, wani ya ja.

Muna da wata tsohuwar malafar mata ta zuwa coci, mai jajayen furannin roba, da ba wanda ya tuna ta wace ce. Duk wanda ya yi ɗuri ba albarushi shi zai sa ta, ya tafi da ita gida, ya dawo da ita a ka wata mai zuwa, har sai wani ya yi irin kuskurensa. Malafar kunya muke ce mata. Kowa a cikinmu ya sa ta, wasu har furannin sun san warin gashinsu. Arlie ne kaɗai bai taɓa sawa ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya, ya fi son a faɗi wannan a kan a faɗi iya saitinsa, alhali saitin nasa ma babu na biyunsa. Kuma shi ya kafa dokar cewa ba a yi wa mai ɗuri magana. Ba a rubuta ta ko'ina ba. Kallon madubin nan nasa ne kawai ya bi mu har ƙarƙashin rumfa.

Da muna da yawa. In aka shimfiɗa bargo a kan ciyawa, kowa ya ajiye abin da ya kawo, wani kwalbar zuma, wani wuƙar da ya ƙera, wani safar da matarsa ta saƙa, har sai an rasa wurin ajiyewa. Wanda ya fi kowa saiti shi zai fara ɗauka, a bi da bi har na ƙarshe, ba mai komawa gida hannu rabbana. Amma mutuwa ta yi ta ɗauka, ciwon gwiwa ya zaunar da wasu, 'ya'yanmu suka tafi birni. Muka koma mu biyar ko shida a rumfar da aka gina don mutum talatin. Bargon ma sai mu ninka shi biyu don kada ya ba mu kunya.

A taron watan Maris shugaban kulob, Lowell, ya yi magana. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce masu ƙananan bindigogin zamani sun yi yawa har suna layi, ga mu kuma mun riƙe fili ranar Asabar guda ba kowa. Ya ce in har babban harbin watan Oktoba bai cika rumfar nan ba, za a ba su ranar. Wani yaro daga baya ya ce ai gara haka, masu harba-ka-ruga su koma bayan gidajensu su yi ta hayaƙinsu. Aka yi dariya. Arlie ya tashi muka fito. A mota muna dawowa ne ya ce mini mahaifinsa ne ya kafa ginshiƙan rumfar nan, kuma ba zai so a ce a hannunsa wutar ta mutu ba.

Ya tashi tsaye kuwa. Ya rubuta sanarwa ya manna a gidan mai da shagon aski da ƙofar kantin abincin dabbobi. Ya je ƙaramin gidan rediyon garinmu ya yi magana kamar wanda aka kai kotu. Matarsa Nadine ta dafa ƙatuwar tukunyar wake da burodin masara, kyauta ga duk wanda ya zo. A watan Afrilu mutane sun zo. Suka ci wake, suka tsaya nesa suna kallo, hannu a aljihu. Wani saurayi ya matso ya tambayi Arlie me ya sa ake jiƙa ƙyallen da yawu, daidai lokacin da yake tura dalma. Arlie ya ɗago ya dube shi. Saurayin ya ja da baya, ya ƙarasa wakensa, ya shiga mota. Kafin a shimfiɗa bargo duk sun watse.

Da yamma ina gidansu ana kankare tukunya, Arlie yana ta mitar cewa mutanen yanzu ba su da haƙuri, cikinsu kawai suka sani. Nadine ta bar shi ya gama, sannan ta ajiye soso.

"Tsohon nan, ni fa na tsaya a wurin na gani," in ji ta. "Na je jana'izar da ta fi harbinku daɗi. Mutum ya baro gidansa ya zo, ka harare shi kamar ya liƙa cingam a kujerar motarka. Wa zai dawo?"

Ya ce dokar tana da dalili. Ta ce ta sani, dalilin shi ne kada furen roba ya taɓa kansa. Ni dai na sunkuyar da kai ina goge cokali. Shi kuwa ya fita duba kaji alhali kajin sun riga sun shiga akurki.

A watan Mayu Geneva Sizemore ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari, ta kai shekara arba'in, kuma tana cikin waɗanda suka girma a motar Arlie. Mahaifinta ya rasu ya bar mata doguwar bindigar toka, ta zo da ita naɗe cikin tsohon labule. Ta ce ba ta taɓa harba ta ba, amma ba ta son ta yi tsatsa a bayan ƙofa. Ni na nuna mata yadda ake ɗuri. Harbinta na farko ma ya taɓa gefen takardar da ake saiti. Ta juyo fuskarta cike da murna tana neman wanda za ta faɗa wa, ta ga kowa ya duƙufa kan nasa.

A ɗuri na uku ne abin ya faru. Tana ba ni labarin yadda mahaifinta yake narka dalma a kaskon suyar mahaifiyarta, a hankali take magana saboda Arlie yana gefe, ni kuma ina saurare ban lura da hannunta ba. Ta ɗaga, ta ja kunama, bindiga ta yi fuu ta yi shiru.

A lokacin malafar tana kan Hobart, tsohon mai gyaran taya, wanda ya kusa shekara yana ɗauke da ita saboda babu sabon da zai yi kuskure. Ya cire ta ya taho yana rangaji kamar mai kai amarya.

"Allah ya kawo magajiyata," in ji shi. "Sunkuyo, 'yar Sizemore, ki karɓi gadonki. Dama ta mata ce, ni aro na yi."

Ba da mugunta ya yi ba, haka muke yi wa juna tun muna samari. Amma ita ba ta san mu ba. Ta ga tsofaffi baƙi suna dariya, ga bindigar mahaifinta ta toshe a hannunta, tana zaton ta lalata ta ke nan har abada. Kunnuwanta suka yi ja. Ta karɓi malafar ta ajiye a tebur, ta jawo labulen ta fara naɗe bindigar. Ta ce ta tuna tana da aiki da rana.

Ina tsaye kusa da Arlie, don haka na ga abin da ya yi, kuma ni kaɗai na gani. Ya ɗauki ƙahonsa ya kai bakin ma'auni amma bai buɗe ba. Ya kifa ma'aunin da babu komai a ciki a bakin bindiga, ya ɗora ƙyalle da dalma, ya tura. Yana turawa yana magana da ƙarfi, abin da ban taɓa ji ba a rumfar nan. Yana tambayar Geneva ko ita ce yarinyar da ta taɓa shigo masa da kwaɗo mota cikin kwanon abinci. Ta tsaya da naɗi ta ce ita ce. Ya ɗaga bindiga, ya daɗe yana auna, ya ja kunama. Fuu.

Kowa a rumfar ya juyo. Hobart ya buɗe baki ya kasa rufewa. Arlie ya dubi bindigar kamar ta ci amanarsa, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki malafar daga teburin Geneva ya kifa a kansa, furannin na lilo a gefen kunnensa.

"Kin ga abin da surutunki ya ja mini, 'yata," in ji shi. "To zo ki riƙe mini, ni in ja. In mun gama da tawa mu koma kan taki. Ba a fitar da ita mutum ɗaya."

Ta rungume bindigar, ya ja, dalma ta fito da ƙarfi har ya zauna daɓas a kan ciyawa da malafa a ka. Geneva ta yi dariya har ta share hawaye. Ba ta tafi aikin rana ba. A bargo ta zo ta ƙarshe, ta samu kwalbar tsamin kokwamba da Hobart ya kawo, ta riƙe ta kamar kofin zinariya.

A hanyar gida na ce masa na ga ma'aunin nan. Ya ce in kula da titi, idona ya fara tsufa.

Doka ta ce a tafi da malafa gida a dawo da ita. Ba ta ce a sa ta a gari ba. Amma ranar Litinin sai ga Arlie Stamper a gidan mai da furannin roba a ka. Ya je da ita shagon aski, ya je da ita kasuwar manoma, Nadine ce kawai ta hana shi shiga coci da ita. Manyan mutane masu gemu, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu suna tsoron madubinsa, suka riƙa taka birki a tsakiyar titi. Duk wanda ya tambaya sai Arlie ya tsaya ya ba shi labari tun daga ƙaho har sanda, ya ƙare da cewa ba mai raba shi da wannan masifa sai wanda ya zo ya yi kuskure irin nasa. Ya ce wa mai aski, "Kai da bakinka ba ya rufuwa, ɗuri biyu ya ishe ka ka cece ni."

Mai askin ya zo a watan Yuni, kuma ɗuri biyun ne suka ishe shi. Ya tafi da malafa shagonsa, ya yi aski da ita wata guda. Geneva ta dawo da abokan aikinta mata biyu. Saurayin nan da aka harara ya dawo, Arlie da kansa ya je ya same shi a mota ya amsa masa tambayar yawu da ƙyalle. Doka ɗaya kawai ya riƙe da ƙarfi, ita ce bakin bindiga ya dubi sama ko fili, kuma ba shan taba kusa da albarushi. A kan wannan kallon madubi bai mutu ba. Sauran kuwa ya sake. Rumfa ta cika da surutu, malafa ta riƙa yawo daga kai zuwa kai, wata ranar ma sau uku ta sauya mai ita kafin a ci abinci. Ko'ina ka duba mutum biyu ne suna ja-in-ja da bindiga suna dariya, waɗanda da safe ba su san sunan juna ba. Hobart ya yi ta ƙorafin cewa saiti ya lalace, wurin ya koma kasuwa. Amma shi ne yake fara zuwa ya dafa kofi.

Cikin watan Agusta na lura Arlie yana tsayawa ya huta tsakanin mota da rumfa. Ya ce zafi ne. Geneva ce ta kama hannunsa wata rana kamar da wasa, ta riƙe wuyan hannun tana ƙirga bugun jininsa, sannan ta je ta yi magana da Nadine. Likita ya ce zuciya ce, ta gaji, kuma ba irin wadda ake gyarawa ba ce. Aka ba shi magunguna aka ce ya zauna a gida. Ya ce zai zauna bayan Oktoba.

Ranar babban harbi itatuwa sun yi ja da rawaya har saman tudu. Na je na ɗauko shi, na riƙe masa bindiga zuwa rumfa, abin da bai taɓa bari wani ya yi masa ba. Motoci sun cika fili har bakin rafi. Aka buɗe bargo gaba ɗaya bai isa ba, Nadine ta ciro na bayan motarsu aka haɗa. Lowell ya zo da kofinsa a hannu, ya bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan yana neman inda zai ajiye shi bai samu ba. Ya tsaya a gaban Arlie ya ce Asabar tamu ce, kuma in abin ya ci gaba haka sai an ƙara wa rumfar tsawo. Arlie ya gyaɗa kai kawai, amma na ga yadda ya dafa ginshiƙin da ke kusa da shi ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

A zaune ya yi ɗurinsa ranar. Mutane sun kewaye shi, wannan na tuna masa ranar da mota ta maƙale a laka, wancan na nuna masa jaririnsa. Yana amsa wa kowa, yana dariya, hannunsa na aiki. A zagayen ƙarshe na taimaka masa ya miƙe, ya auna, ya ja kunama. Bindiga ta yi fuu ta yi shiru.

Aka fashe da dariya, ana cewa Baba Arlie ya yi kewar malafarsa. Shi kuwa ya juyo ya dube ni, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Wannan ta gaske ce, Doyle," in ji shi. "Wallahi ban san lokacin da na tsallake ba. Ashe haka ake ji."

Na tambaye shi yaya ake ji. Ya ce ba laifi, hirar ta fi daɗi.

Ya kama sanda zai ja, ƙarfinsa bai kai ba. Geneva ta rungume bindigar, ni na ja, shi kuma ya ɗora hannunsa a kan nawa don kada a ce bai yi komai ba. Wata yarinya malamar makaranta ce ke da malafar a lokacin, ta kawo ta sa masa da hannu biyu. Ya zo kusa da ƙarshe a bargo, karon farko a rayuwarsa. Ya ɗauki wata safar ulu wadda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, saƙar farko ta wani daga cikin sababbin, ya ce dama ƙafafunsa na jin sanyi.

Ba ma harbi in dusar ƙanƙara ta sauka, sai Maris. Don haka malafar ta kwana a gidansa duk sanyin, a rataye a jikin gadonsa. Nakan je kullum da hantsi in zauna. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman shiru sai ga shi ba ya son in tashi, yana tambayar wa ya sayi bindiga, wa ya koyi narka dalma, ko an samo katakon ƙarin rumfa. Ya rasu wata safiya a watan Janairu, Nadine na riƙe da hannunsa, safar nan a ƙafarsa.

Mun yi shawara a bar wa Nadine malafar, mu nemi wata. Hobart ma ya ce a sa ta cikin gilashi a rataye a rumfa. Ranar harbin farko na Maris sai ga ta ta zo da tukunyar wake, da malafar a kan murfin. Ta ce mijinta bai sa abin nan ya zaga gari don a kulle shi a gilashi ba, a rataye ta a ƙusa, mai rabo ya ɗauka.

Ban daɗe ina jira ba. Wani sabon zuwa ne ya tambaye ni wane ne Arlie ɗin da kowa ke ambata, ni kuma ina cikin ɗuri. Na fara ba shi labarin kwaɗo a kwanon abinci, idona ya cika, hannuna ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai. Da bindigar ta yi fuu ba wanda ya yi dariya da farko. Sai Hobart ya share hanci da bayan hannu ya ce, "To, tsohon banza, sunkuyo." Geneva ta riƙe, na ja.

Malafar tana kaina yanzu, har wata mai zuwa. Jiya na je da ita gidan mai. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta dubi furannin ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, in tana da lokaci ranar Asabar ta farkon wata, ta zo Rafin Barewa ta raba ni da ita.